Baba Buɗe-mu-gani da Hannun Gem ɗin Yaya

Jama'a, a gyara zama, a rage ƙarar waya! Ga sarkin noti, ga limamin sukudireba, ga likitan da ba ya sallamar gawa sai ya ji ta yi tari: Baba Buɗe-mu-gani, mai shagon gyara a ƙarƙashin matakalar benen masu ɗinki.

Shagon nasa, in ka miƙe hannu biyu ka taɓo bango da bango. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, gwangwanayen madara cike da notuna, sai rediyon da ya girme ni. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma kaset, ya koma talabijin, ya koma waya. Yanzu tsufa ya same shi a kan hannun gem, wannan abin da muke riƙewa muna dannawa har mu manta da abinci. Da sukudireban nan ya aurar da ƙannensa, ya kai 'ya'yansa mata uku makaranta, amma shi bai taɓa buga gem ko sau ɗaya ba.

Kullum rediyon na ba da labarin tsada da kwamitin da aka kafa don a binciki wani kwamitin. Shi kuwa amsarsa guda ce, ko ƙasa ce ko fanka: "A buɗe mu gani."

Ni abin da ya kai ni, tsautsayi. Yayana ya yi tafiyar kwana biyu, a rana ta biyu na ɗauko hannun gem ɗinsa, wanda ya ce ko inuwata kada ta faɗa kansa. Sai da na yi awa uku ina jiran gem ɗin ya gama sabunta kansa, ya shanye min data tas. Ina farawa, ɗan wasana na cikin gem ya kama hanyar hagu shi kaɗai, kamar an aike shi. Na ja shi dama, ya ce bai san zancen ba. Yaya kuma da yamma zai dawo.

Na garzaya inda aka sayo. Mai kantin ya ce, "Ƙanena, wannan ba a gyara shi, sabo ake saya. Ga wani ya fito mai fitila."

Fitila! Ni da nake neman tsira da kunnuwana. Sai na yi shagon Baba.

Baba yana da ƙa'ida: ba ya buɗe hannu sai mai shi ya buga a gabansa, ya ga yadda yatsunsa ke cin abin. Ya jona min tsohuwar talabijin, na buga minti biyu. Ya zame tabarau, ya dubi yatsuna, ya dubi inda roba ta sule.

"Wannan ba naka ba ne."

"Baba, nawa ne mana, tare muka taso."

"Kai da farce kake danna shi kamar mai kashe kwarkwata. Mai shi da tsokar yatsa yake bi, a hankali. Na waye?"

Na ce na Yaya ne, kuma in ya sani na kaɗe.

Ya nuna min bayan abin. Ba noti ko ɗaya a fili, an shafe da gam, an manna wata takarda mai cewa kada a buɗe. "Da can," in ji shi, "in ka sayi rediyo har da zanen cikinsa ake ba ka. Yanzu ka saya da guminka, su ce kada ka leƙa. In na buɗe takardar nan za ta yage, kuma ba zan liƙe ta in taya ka ƙarya ba. Kira shi."

Na roƙa, na kira shi uban marayu. Ya ƙara ƙarar rediyo. Haka na danna lambar Yaya, na zayyana masa komai.

Yaya ya ce, "Kai ɗan banza, sati biyu ke nan yana jan hagu. Jefar da shi zan yi in sayi wani. A buɗe. Maganar ɗaukar kayana kuma, ka jira ni."

Baba ya ɗumama gam ɗin, ya zura wata 'yar wuƙa, abin ya buɗe baki. Ya share ƙura da tsohon buroshin haƙori, ya zazzage gwangwani ya tsamo wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba, daga hannun da wani ya yar bara. Ya ɗiga dalma, ya haɗa, ya jona. Ɗan wasana ya tsaya cak, kamar soja.

Nan fa na miƙe a bakin shago na ɗaga murya, har masu ɗinki suka leƙo ta taga. Na ce yau kamfanoni sun ji kunya, na ce a sa hoton Baba a jikin kuɗi, a kai shi rediyo ya buɗe ƙasar nan mu gani.

Bai ɗago ba. Ya jawo wata waya mai fasasshen gilashi ya ce, "Matsa, ka tare min haske."