Ranar da Daddawa ta Ƙare a Kicin Ɗinmu

Har yau ban manta da ranar da daddawa ta ƙare mana ba, a gidan abincin Alhaji Bala da ke bayan ginin kasuwar Tianxiu a ƙasar Sin. Ku da kuka zo daga baya ba ku san yadda tsarin yake ba a lokacin. Ni ne babban mai girki, tukunyar miya da nama duk a hannuna suke. Ƙarƙashina akwai Mustafa, mutumin zangon Kumasi, wanda aikinsa wanke shinkafa da yanka albasa. Kafin ya zo wurinmu ya yi aiki a kicin ɗin wasu Musulmin Sin, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Daddawarmu a jakar 'yan kasuwa take zuwa daga Kano. A makon nan wanda ya yi alkawarin kawowa bai samu biza ba. Ranar kuma wani babban ɗan kasuwar Kwari ta Kano, Alhaji Mamman, ya gayyato Sinawa masu masana'antar da ke buga masa atamfa zuwa wurinmu, yana so su ɗanɗana abincin gida kafin a zauna maganar sabon kaya. Maigida ya leƙo ya ce, "Sani, kada ka ba ni kunya."

Na zagaya shagunan titin Huanshi, kowa sai ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu. Da na dawo na tarar Mustafa ya ajiye wata kwalba mai baƙin ruwa kusa da tukunyata.

"Yaya Sani, jiyanyo ne, ruwan waken soya da aka tsima. Ga tambarin halal a jiki. Ai ɗan'uwan daddawa ne."

"A miyar kuka?" na ce.

"A komai ma. Ka rage gishiri kawai."

Ba ni da zaɓi, na matsa na ba shi wuri. Ya ɗiga kaɗan a miyar, ya jiƙa naman tsire da shi tare da citta da tafarnuwa kafin ya barbaɗa ƙuli, ya zuba cokali a dafa-duka har ta yi duhu mai kyau. Na ɗanɗana ina fatan in ji aibu. Ban ji ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Baƙin suka cinye tas. Alhaji Mamman ya ce a kira mai girki. Na goge hannu na fita, sai babba a cikin baƙin ya ɗaga tsinken tsire ya yi tambaya da yarensu. Kafin tafinta ya buɗe baki, Mustafa ya amsa daga bayana. Suka yi ta dariya tare, ni kuwa ina tsaye da murmushin da bai kai ciki ba.

Washegari maigida ya raba aiki. Ya ce nama da shinkafa sun koma hannun Mustafa, ni in riƙe tuwo da miya. Shekaruna a gaban wuta sun kusa kai shekarun Mustafa a duniya. Duk lokacin da na ji wani ya shigo yana cewa "a ba ni tsiren ɗan Ghana", sai in juya baya in ci gaba da tuƙin tuwona. Na yi makonni ba na cin naman, ina cewa haƙori ke damuna.

Ba a mayar mini da naman ba har na bar gidan. Abin da na gane shi ne, a wannan sana'a mai ci ba ya tambayar wanda ya daɗe a kicin, abin da harshensa ya ji shi yake bi. Don haka idan na ƙasa da kai ya ajiye wata kwalba kusa da tukunyarka, ka buɗe ta da hannunka tun kafin baƙi su iso.