Gangar da Ke Jiran Manomi

Tun hantsi tagar ɗakina take karkarwa. Biki ake yi a bayan gidanmu, an jera lasifikoki manya kamar rumbuna, wani abu kuma yana dukan ƙasa daga cikinsu, ba gaggawa ba jinkiri, ba ya gajiya balle ya numfasa. Mai kunna shi jikana ne, ɗan babban ɗana, magidanci da iyalinsa, wanda matasan Daura suke kira Dije, wato DJ, mai saka kiɗan na'ura a biki. Ina zaune ina jin wannan duka sai hankalina ya koma wata gona a ƙasar Baure, zamanin da tsawona bai kai na ƙotar garma ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, makaɗin noma ne. Idan damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, ciyawa ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai a kira gayya. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na furar da mata suke ajiyewa a gindin gawo. Kawu yakan fara shanya gangarsa a rana har fatar ta ɗame, ya gwada ta da yatsa, ya ɗaure tsarkiya, sannan ya bi bayan manoma kunya-kunya. Kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi. Da an buga na mutum, sai ka ga bayansa ya miƙe kamar an zuba masa sabon jini.

Taken mahaifina ya bambanta da na kowa, domin akwai gurbi a tsakiyarsa. Mahaifina mutum ne da ba ya son ƙasa ta liƙe wa garmarsa. Yana cikin sara sai ya dakata, ya kaɗe ta da diddige, sannan ya ci gaba. A daidai nan gangar takan yi tsit. Wata rana shirun gajere ne, wata rana, idan ƙasa ta yi danƙo ko ƙugunsa ya motsa, ya yi tsawo har mu yara mu riƙe numfashi. Garma na komawa ƙasa, ganga na faɗowa tare da ita. Na taɓa tambayar Kawu ko hannunsa ne yake gajiya a wurin. Ya yi dariya ya ce, "Ubanka nake jira, ɗan nan. Wa ya taɓa ganin ganga ta riga mai take zuwa bakin kunya?"

Daga baya aka kai ni makarantar mishan, inda aka hore mu a kan tsari da kammala aiki, horon da ya sa har gobe ban yarda da aikin ganin-ido ba. Ina can ina karatu, daga nan na shiga koyarwa, gayya kuma tana ta ja da baya. Garmar shanu ta shigo, samari suka koma birni da kan babura. Mahaifina ya rasu, Kawu ya bi shi, ganga ta koma hannun ɗansa, taubashina. Da aka ƙaddamar da Shari'a, kiɗan fili ya yi sanyi, taubashina ya rataye ta ya kama sayar da albasa. Ban yi jayayya da hukuncin malamai ba, kuma ba zan yi ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, makaɗi ana ganinsa da ido, amma kiɗan da ke cikin waya ba shi da kafaɗar da za a dafa a ce ya bari. Da abubuwa suka lafa, na'ura ce ta fito fili.

Na sha gaya wa jikana cewa wannan kiɗa nasa yayi ne. Na ga garmaho, na ga kaset, na ga faifai, kowanne ya zo da tinƙaho ya tafi a kwandon shara. Shi kuwa sai ya ce, "Tsoho, kai ma tun ina goye ake cewa ka kusa, ga ka nan kana cinye mana tuwo." Bara da rani ya zo mini da wata shawara: in samo masa taken mahaifina ya zuba a kwamfutarsa, don kada ya mutu tare da ni. Na yi kwanaki ina juya maganar. A duniya mutum ɗaya ya rage da hannunsa ya san wannan take, kuma ya tsufa kamar ni. Na amince.

Muka tarar da taubashina a garin Babban Mutum, idanunsa sun yi hazo. Ya tarbe ni da tsiyar da muka saba, wai bawansa ya zo gaisuwa hannu rabbana. Da na ambaci ganga sai ya sa aka kai mu bayan ɗaki. Ɓera ya cinye fatar, kaza tana kwanci a cikin kangon. Ya ce ba komai, a kawo masa ƙwarya. Ya kife ta a cinya, jikana ya kanga masa waya, yatsunsa suka fara. Na rantse da ban zauna ba da na faɗi, domin mahaifina na gani a sunkuye a gabana. Da ya iso gurbin nan sai ya tsaya. Muka jira. Shirun ya yi tsawo, ya wuce duk wanda na sani. Jikana ya tambaye shi a hankali ko ya manta sauran ne.

"Ban manta ba," in ji shi. "Wa zan jira?"

Ya ture ƙwaryar gefe, bai ƙara taɓa ta ba. Kafin damina ta faɗi aka yi jana'izarsa.

Jikana ya cika alkawari gwargwadon fahimtarsa. Ya ɗauki rabin da ya samu, ya ɗora shi a kan wannan duka na na'ura, ya maimaita shi ba iyaka. Gurbin kuwa ya toshe shi, domin a cewarsa masu rawa ba sa son rami a tsakiyar kiɗa, ƙafarsu takan rikice. Ban yi masa faɗa ba, duk da an san ni da faɗa. Ta yaya zan bayyana wa wanda bai taɓa riƙe garma ba cewa abin da ya yanke shi ne mahaifina?

Mutane sukan tambaye ni, a matsayina na wanda ya daɗe, ko yaushe wannan yayi zai wuce. Da ina amsawa da ƙarfin gwiwa. Yanzu nakan ce wataƙila ya riga ni, wataƙila in riga shi, kuma duk ɗaya ne. Zai wuce, wani ya maye gurbinsa, shi ma daga cikin akwati, shi ma ba ruwansa da wanda ya gaji. Abin da na ɗauka yana jira a bayan ɗaki har hayaniya ta lafa, ashe kaza ce take kwanci a cikinsa.

Ga shi can a wurin bikin sun sako taken mahaifina, yara suna ihu. Na san wurin sarai. Na riƙe numfashi, ina jiran mahaifina ya kaɗe garmarsa, kiɗan kuwa ya wuce abinsa.