Baban da waya ta rubuta mini

Shekarun baya, shekarar da aka cire tallafin mai har okada ta gagari talaka a Onitsha, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Burina ɗaya ne, in rubuta labarin mahaifina, wanda ya tsufa yana sayar da albasa a kasuwar Head Bridge.

Kullum bayan la'asar mahaifiyata tana ba ni labarinsa, ni kuma ina dannawa a waya da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsince gero. Rubutun duk kurakurai, amma yana tafiya.

Wata rana abokina mai gyaran waya ya leƙa ya yi dariya.

"Malam, wannan ai wahala ce. Akwai manhajar da manyan marubuta ke amfani da ita. Kawo ta gyara maka."

Na ce, "Ta san babana ne?"

"Ba sai ta san shi ba."

Raina bai kwanta ba, amma na miƙa. Ya ɗora gyararren rubutun a kan nawa, nawan ya goge daga wayar. Gaskiya ya yi kyau. Har na ji kamar ɗan wani babban mutum ne ni.

Na zauna na karanta wa mahaifiyata. Da na zo inda aka ce shi mutum ne mai haƙuri da fara'a ga kowa, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ke nan?"

"Baba mana, Inna."

"Babanku? Mutumin da ya jefi mai saye da albasa don ya taya da raini? Ina matar Ibon da ke zaginsa da yarensu, yana ramawa da Hausa, sannan su raba goro? Wannan mijin wata ne, ba nawa ba."

Na ce za mu sake daga farko. Ta ce to. Amma damina ta shigo mata da ciwo, kuma ba ta ƙara samun ƙarfin dogon zance ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ban ce kowa ya guji manhajar ba. Ni dai ba na yarda da abin da bai taɓa ganin mutum ba amma ya iya yabonsa. Yanzu da kurakuraina nake rubutu.

Na dawo da abin da na iya tunawa. Waɗanda suka tafi su ne waƙar da yake yi in yana zazzage buhu, sunan ƙauyen da ya baro, da dalilin da bai taɓa komawa ba.