Gwangwanin Madara a Kan Randa

Abin da na fara gani ranar da aka kai ni makaranta a Coal Camp, can Inugu, shi ne abin shan ruwa biyu a kan randar aji: moɗa mai tsabta, da gwangwanin madara mai tsatsa. Ni a lokacin yarinya ce marar magana, 'yar mai sayar da albasa, ba abin da na iya sai kallo. Kafin a tashi na gane mai gwangwanin. Wata yarinya ce da uwarta ke goyowa kullum ta ajiye a bencin baya. Wuyanta ba ya tsayuwa, yatsunta a murɗe, yawu na zuba a kan ƙyallen da aka ɗaura mata. Yara na ce mata 'yar ruwa, wai wanda yawunta ya taɓa shi ma zai shanye.

Malamarmu, wata Kirista daga kudancin Zariya, ba ta yarda ba. Wata rana ta naɗe mana hannuwa da tsumma, ta ce kowa ya rubuta sunansa. Muka fara da dariya, muka ƙare da haushi, alli na ta faɗuwa. Ta ce da haka ƙawarmu ke fama kullum: ta sha wuya wajen haihuwa, wurin da ke sarrafa gaɓoɓi a ƙwaƙwalwarta ya taɓu, amma hankalinta ras yake, kuma ba a ɗauka. Sai ta ɗebi ruwa da gwangwanin ta shanye a gabanmu. Yarinyar ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito: "Malama, ba a wanke ba." Aji ya fashe da dariya, har da ita. Ranar Malama ta koya mana yadda ake tallabe mata haɓa a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Washegari iyaye mata suka zo ƙorafi, har da tawa uwar.

Da rikicin ƙabilanci ya ɓarke aka fara farautar 'yan Arewa, muka tsere tashar jirgin ƙasa muna jiran mai zuwa Arewa. Ga zafi, ga wari, ruwa kuwa bokiti ɗaya da moɗa ɗaya ke zagawa. Da moɗar ta zo kan yarinyar nan ta ajinmu, wadda ita ma uwarta ta goyo ta zuwa tashar, wata dattijuwa ta fizge, ta ce kada a ɓata wa mutane abin sha. Gwangwaninta na can a aji. Uwarta ta gwada ba ta a tafin hannu, kanta na fizga, ruwan na zubewa a ƙasa, leɓenta duk ya tsage. Manya suka kau da kai, wasu da carbi a hannu. Mutanen da ake farauta don an ce su daban ne, ga su suna yi wa yarinya irin abin da suka gudo wa.

Na zaro kofinmu daga ƙunshin kaya, na tallabe mata haɓa yadda aka koya mana, ta sha har ta ƙoshi. Sai da jirgi ya tashi uwata ta riƙe kofin da bakin zane, ta jefar ta taga. Yarinyar wani tarago aka sa ta, ban sake ganinta ba.

Abin da na gane shi ne, yaro ba ya zuwa duniya da ƙyama, a gida ake ɗura masa. Iyaye, ku ji tsoron Allah, kada malami ya gyara da safe ku rushe da yamma.

Kwanan baya na raka jikata makaranta, na hango wani yaro irinta shi kaɗai a bencin baya. Na jira aka tashi, na sami malamarsu na ce, "'Yata, don Allah gobe ki zaunar da jikata kusa da shi. Ga kofi, ɗaya na kawo musu."