Matar Da Ta Zauna Kan Takalmin Loago

Kafin ƙarfe shida na safe Mma Segomotso take sauka daga motar haya a bakin filin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ditau, nan garinmu Mahalapye, da kular ƙanƙara a hannu da jakar bandeji a kafaɗa. Sai ta zaga filin tukuna tana tsince ƙaya da kwalbar da aka fasa. Daga nan 'yan wasa su jeru a benci, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana matsa gwiwa da idon sawu. Wanda ya ce mata lafiyarsa lau, sai ta ce, "Bakinka na tambaya? Miƙo ƙafar."

Shekara ashirin da tara ke nan tana haka. Asabar ɗin nan za ta ajiye aiki, ni kuwa tun da na ji nake ta tunanin ƙanena.

Ni ce yayar Loago Ramosweu, ɗan bayan nan da ya tashi daga Ditau ya koma Gaborone, babban birninmu, ya yi shekara biyar a Afirka ta Kudu, ya buga wa ƙasa wasa arba'in da ɗoriya. Kowa ya san wannan. Abin da ba a sani ba shi ne yadda aka yi ya kai ga ganin waɗannan shekarun.

Yana ɗan shekara sha tara aka yi wasan kusa da na ƙarshe na kofi. Manyan ƙungiyoyin Gaborone sun zo musamman don su gan shi. Ana cikin zagaye na biyu suka yi karo da wani, kai da kai. Ya faɗi, ya miƙe, yana ɗaga wa mutane hannu. Mma Segomotso ta jawo shi bakin layi.

"Me ka ci da safe?"

Ya yi dariya. "Haba Mma, ana jirana."

"Na ce me ka ci?"

Fate-faten dawa ya sha, ni na dafa masa, amma ya kasa tunawa.

Kocinsu, Rra Motsumi, ya taho a fusace. "Mma, sakar mini shi! Kin san su wa ke zaune can?"

"Ko su wane ne, Rra, ba su za su binne shi ba."

Loago ya yunƙura zai koma. Ta durƙusa kamar za ta ɗaure masa igiya, ta zare takalmin, ta zauna a kai daram. Filin ya ɗauki ihu. Aka yi ta jifanta da ɓawon lemo. Cikin masu zagin har da ni. Da bakina na ce, "Tsohuwar banza, za ki kashe masa makoma!"

Aka ci Ditau. A hanyar asibiti Loago ya fara amai. Da aka kai shi Gaborone aka yi hoton kai, aka ga jini ya taru a ciki. Likita ya ce da ya ƙara sa wa ƙwallo kai sau ɗaya, da wani zancen ake yi. Kwana uku ina zaune a bakin gadonsa ina ƙirga numfashinsa.

Manyan nan ba su dawo ba sai bayan shekara. A tsakanin, Loago ko gaisuwa ba ya yi mata. Ita kuwa ba ta fasa zuwa gidanmu ba, tana sa shi tafiya a kan layi ɗaya, yana tsaki tana ƙirga masa taku.

Mma, ke ce kika yarda gari guda ya zage ki don ɗan wani ya rayu. Ke ce har yana Afirka ta Kudu, in kin ga ya ɗingisa a talabijin, sai kin buga waya kin ce, "Kar ka yarda a yi maka allurar kashe zafi ka shiga fili." Ranar da na je neman gafararki, ba ki bari na ƙarasa ba. Kika ce, "Ke tsoron makomarsa kika ji, ni tsoron ransa. Zauna ki sha shayi."

Mun gode, Mma. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Ku kuma masu shigowa wannan aiki, takardar shaida ba ta isa ba. Ku koyi cewa a'a lokacin da koci da 'yan kallo da ɗan wasan kansa suke cewa e.

Loago ya dawo Ditau bana, shekararsa talatin da uku, gwiwar hagu tana kumbura bayan kowane wasa. Mako mai zuwa zai buga wasan farko ba tare da ke a bakin layi ba. Na riga na sayi tikiti, amma har yanzu ban san ko zan iya shiga ba.