Wajen Salma

Malama Salma Jibo ta daɗe tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Maradun. Matan ƙauyuka ba sa cewa za su asibiti, sai dai su ce za su "wajen Salma". Da aka ba ta shugabancin sashen lafiyar mata a ofishinmu na Talata Mafara, inda nake akawu, ta bar wa asibitin ungozoma biyu da ta horar da su da kanta, ɗaya sunanta Kausar.

Wata rana da hantsi mai kabu-kabu ya sauke wata mata, Gimbiya, a ƙofarmu, naƙuda ta tsananta, surukarta na riƙe da ita. Sun ce masa ya kai su wajen Salma, shi kuwa ya san inda ta koma, sai ya wuce tsohon asibitinta da ke kusa da su, ya kawo su nan.

"Inna, don me ba ku tsaya can ba? Ai Kausar na nan!" in ji Salma.

Tsohuwar ta ce, "Wace Kausar, ɗiyata? Mu ke muka sani."

A kan tabarma ta karɓi haihuwar. Gimbiya ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Tun daga nan ba ta cika zama ofis ba. Takan kai ungozomomin gidajen suna, ta tsayar da su gaban mata, ta faɗi sunayensu. Ta taɓa ce mini, "Malam, na koya musu aiki, amma ban nuna su ga mutanen gari ba."