Malamar da ke Ɗinke Babin Ƙarshe

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa. Ta gaishe ni a bakin ƙofa, ta buɗe tagogin ɗakin karatun yara, ta kakkaɓe tabarmi, sannan ta fito da allura da jan zare. Shekara ashirin da shida ina gadin laburaren nan, ban taɓa ganin ta makara ba. Ni kuwa idona ba ya kuskure. Mota ta kife da ni sau biyu, maciji ya sare ni, ɓarayi bakwai na kama da hannun nan. Ban yi boko ba, amma in na ce mutum na kirki ne, a rubuta a ajiye.

Ga aikin allurar: duk littafin labarin da ke da ɓoyayyen mai laifi a ciki, sai ta ɗinke babin ƙarshe. Ba mai ganin ƙarshen sai ya jefa ra'ayinsa a akwati, wa yake zargi, kuma yaya ya ga littafin. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa, ta rubuta masa yadda ya faɗa. Shi ya sa yara ke ce mata Anti Mai Zare.

Bara aka kawo wani littafi na samari da 'yan mata biyar masu binciken wanda ya sace ƙararrawar makarantarsu. Lokacin jikata, wadda nake kira amaryata, tana shekara goma sha ɗaya, karatu ya ƙi ta. Ubanta, ɗana, ya rantse in zangon ya ƙare ba ta iya ba, zai cire ta daga makaranta.

Malama ta karanta mata babi biyu, ta rufe littafin.

“Anti, sai me ya faru?”

“Makogwarona ya bushe, 'yata. Ga shi nan, ki gaya mini.”

Mako shida yarinyar nan tana bin layi da yatsa, Malama na gefe, abincinta na hucewa. Da tuntuɓe take karanta mini a kan bencina, ni kuma na yanke hukunci tun a tsakiya: direban makarantar ne ɓarawon.

“Kaka, mai gadi ne.”

“Ke amarya, kiyayi bakinki. Mai gadi ba ya sata.”

Ranar warware zare ɗakin ya cika har taga. Malama ta dinga zaro takardu tana karantawa. Wani ya ce, “Yaran nan ba su da iyaye ne, kullum suna yawo?” Wata ta ce a rage wa babbansu surutu. Wani ya ce ya kasa cin abinci a babi na tara. Can sai ga wata takarda da rubutu kamar tafiyar kaza: “Mai gadi ne. Ya ce ruwa ya doke shi, amma takalminsa a bushe yake.”

Malama ta miƙa wa jikata almakashi. “Yanke, ki karanta mana.”

Ta yanke. Ta karanta shafi tara a tsaye, ba wanda ya taya ta. Mai gadin ne kuwa! Yara suka yi caa a kaina. Ɗana, da Malama ta aika masa ya zo, yana jingine da ƙofa yana ta goge ido da hula. Maganar cirewa ba ta sake tashi ba. Ra'ayina kuwa, cewa marubucin bai san masu gadi ba, har yau yana manne a allo, kuma ban janye ba.

Malama, ke ce allura, ba ki da girma sai ɗinke ɓaraka. Ke ce kika ɗauki maganar yaro da nauyin ta babba. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki. Na gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma masu zuwa bayanta, ga allurar nan a aljihun tebur, kada ku bari ta yi tsatsa.

Mai tambayar yadda wanda bai yi boko ba ya rubuta wannan: ni na faɗa, amaryata ta rubuta. Har ta gyara mini wuri biyu.